Mece ce taskar takardun masani?

Lokaci zuwa lokaci za ka ji an ce wata jami'a ta karɓi takardun farfesa wane, ta buɗe su ga masu bincike. Da yawa kan ɗauka littattafan da ya wallafa ake nufi. Littafi kuwa ana buga shi dubbai, in na wannan laburaren ya ɓace akwai shi a wancan. Taskar takardu daban take: ita ce ke riƙe da abin da kwafinsa ɗaya ne tak a duniya, wato wasiƙun da mutum ya aika da waɗanda aka aiko masa, da littattafan da yake rubuta sakamakon gwaji a ɗakin bincike, da darussan da ya shirya wa ɗalibai, da daftarin maƙaloli mai cike da gyara da soke-soke, da hotuna, har da rasit ɗin tafiye-tafiye.

Misalin da zai fito da abin fili shi ne na Linus Pauling, farfesan ilimin sinadarai ɗan Amurka, wanda aka haifa a 1901 ya rasu a 1994. Ya koyar fiye da shekara 30 a jami'ar Caltech da ke Kalifoniya. Ya sami lambar Nobel ta ilimin sinadarai a 1954 saboda aikinsa kan yadda ƙwayoyin zarra ke ɗaure juna, sannan ya sami ta zaman lafiya ta 1962 saboda fafutukar hana gwajin makaman nukiliya. A 1986 ya ba Jami'ar Jihar Oregon, inda ya yi digirinsa na farko, takardunsa da na matarsa Ava Helen. Abubuwan da ke cikin taskar sun kai kimanin 500,000, ciki har da littattafan bincikensa 46 da ya rubuta daga 1922 zuwa 1994. A 2002 jami'ar ta ɗauki hoton shafukansu ta sa a intanet, kowa na iya dubawa daga inda yake.

To, me ake nema a cikinsu da ba a samu a mujalla? Maƙalar da aka buga sakamako take nunawa a tsabtace. Hanyar da aka bi, da inda aka ɓata aka dawo, sai a takardu. A farkon 1953 Pauling da abokin aikinsa Robert Corey sun wallafa cewa ƙirar DNA, sinadarin da ke ɗauke da bayanan gado a jikin halitta, igiya uku ce a murɗe, kuma ba daidai ba ne. A watan Afrilu na shekarar wasu masana biyu, Watson da Crick, a Kambirij ta Ingila suka fito da igiya biyu, wadda ita ce gaskiya. Mai son ya gane yadda gwani irin Pauling ya kauce dole ya koma shafukan lissafinsa da wasiƙunsa na watannin nan. A ganina shafin kuskure ya fi shafin nasara amfani ga ɗalibi, domin a nan yake ganin yadda ake tunani. Shi ya sa ma'aikacin taska nagari ba ya tsince abin da zai ƙara wa marigayi kwarjini ya zubar da saura.

Akwai kuma aikin da ya shafe mu kai tsaye. A 1949 Pauling da Harvey Itano da wasu abokan aiki biyu suka nuna cewa sinadarin himogulobin da ke cikin jinin mai cutar sikila ya bambanta da na mai lafiya, kuma tushen ciwon yana cikin ƙirar sinadarin kansa. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta. Duk wanda zai rubuta tarihin yadda aka fara fahimtarta, da wa ya kawo shawara, da wa ya yini a gaban na'ura, irin wannan taska zai nufa.

Aikin yana da ƙa'idoji. Ba a gauraya takardun mutum da na wani, ko da magana ɗaya suke yi. Ba a kuma sake musu tsari yadda aka ga dama. In an tarar da fayil a jere yadda mai shi ya bari, haka ake barinsa, domin jerin ma shaida ne. Ana cire ƙarafan maƙala takarda saboda tsatsa, a zuba takardun a kwalaye marasa asid, a ajiye inda babu laima da zafi. Daga nan a rubuta kundin jagora mai cewa kwali na kaza, fayil na kaza, ga abin da ke ciki, daga shekara kaza zuwa kaza. Idan babu wannan kundin, taska tarin kwalaye ce kawai. Ba a ba da aro a tafi gida, a ɗakin ake karatu, galibi da fensir. Abin da ya shafi sirrin mutane, kamar makin ɗalibai ko rashin lafiya, akan rufe shi na wasu shekaru.

Takardun masana sinadarai na zuwa da nasu haɗarin. Littattafan Marie Curie, masaniyar da ta yi aiki kan sinadarin radiyam, da ke babban laburaren ƙasa na Faransa har yau suna fitar da tururin nukiliya mai cutarwa, a akwatuna masu rufin dalma ake ajiye su.

Mu ma ba baƙin wannan aiki ba ne, ga Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna. Abin da ke damuna shi ne malaman kimiyya. Farfesa zai yi ritaya, a buƙaci ofishinsa, a ɗaure takardun a buhu a kai gida, gara ta ci rabi, sauran su ƙare wajen mai ƙosai. Iyali ba su da laifi, ba wanda ya taɓa gaya musu cewa wannan tsohon littafin gwajin yana da daraja. Yanzu ma abin ya ƙara wuya, tunda wasiƙu sun koma imel, bayanan gwaji suna cikin kwamfuta mai lambar sirri. Saboda haka ma'aikatan taska kan so su zauna da malami tun yana kan aiki, su ji me ke cikin wace na'ura, su kwafe shi kafin a rufe akwatin imel ɗinsa na jami'a.