Tafiyar jirgin ruwa a kogin Danub: wace irin biza ce za ta kai ka ta dawo da kai?

Kogin Danub ya taso daga kudu maso yammacin Jamus, ya yi tafiyar kilomita kusan 2,850 kafin ya zuba a Bahar Aswad. A hanyarsa yana ratsawa ko ya goga ƙasashe 10, kuma manyan biranen ƙasashe huɗu suna bakinsa: Biyana, Biratislaba, Budafes da Belgired. Shi ya sa masu yawon buɗe ido ke rububin jiragen da ke bin sa, inda mutum zai kwana a wata ƙasa ya wayi gari a wata, ba tare da ya ɗaga akwatinsa ba. Ga mai fasfon Amurka ko na Ingila abin ba wuya. Ga mai fasfon Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru kuwa, kowace iyaka da jirgin zai tsallaka lissafi ce, kuma a kan wannan lissafin ne tambayoyin da ke ƙasa suka taru.

Ina da bizar Shengen. Ba ita ke nan ba?

Shengen rukunin ƙasashen Turai ne da suka cire binciken iyaka a tsakaninsu, biza ɗaya ke shigar da kai dukkansu. Amma ya danganta da abin da aka rubuta a jikinta. Buɗe fasfonka ka dubi takardar da aka manna. Bayan ranar da za ta fara aiki da ranar da za ta ƙare, akwai gurbin adadin shiga, sannan gurbin adadin kwanakin zama. A gurbin shiga za ka ga ɗaya daga cikin uku: 01, ko 02, ko kalmar MULT. Mutane da yawa ranar ƙarewa kawai suke dubawa, su ga akwai sauran wata guda, hankalinsu ya kwanta. Amma biza mai 01 kamar ashana take: da zarar an ƙyasta ta, ta gama aiki. Ranar da ka fita daga yankin Shengen ta mutu, ko da kwana uku kacal ka ci daga cikin talatin. Mai 02 tana ba ka damar fita ka sake shiga sau ɗaya. Mai MULT kuwa ka shiga ka fita iya son ranka, muddin ba ta ƙare ba kuma ba ka wuce kwanakin da aka ba ka ba.

To ai duk cikin Turai jirgin yake. A ina zan fita daga Shengen?

A Sabiya. A nan gizo ke saƙar.

Yankin Shengen yanzu ƙasashe 29 ne. Jamus, Ostiriya, Sulobakiya da Hungari sun daɗe a ciki. Kuroshiya ta shiga ranar 1 ga Janairun 2023. Romaniya da Bulgeriya an buɗe musu ta sama da ta teku a ƙarshen Maris na 2024, sannan aka cire binciken iyakokinsu na ƙasa ranar 1 ga Janairun 2025. Sabiya ba ta cikin Shengen, ba ta kuma cikin Tarayyar Turai, alhali kogin ya ratsa ta tsakiyarta, ya bi ta Novi Sad da Belgired, ya gangara zuwa matsatsin duwatsun da ake kira Ƙofar Ƙarfe a kan iyakarta da Romaniya. Babu yadda jirgi zai tashi daga Budafes zuwa Bahar Aswad bai bi ta nan ba.

Ɗauki tafiyar da aka fi sayarwa, daga Budafes ta Hungari zuwa Bukares ta Romaniya. Ka sauka a filin jirgin sama, shiga ta farko ke nan. Jirgin ruwa ya gangara ta Mohacs a kudancin Hungari, ya tsaya a Vukovar ta Kuroshiya, har yanzu kana ciki. Ya shiga Sabiya, ka fita. Bayan kwana biyu ko uku ya tsaya a Vidin ta Bulgeriya, shiga ta biyu ke nan. Wanda ke riƙe da 01, a Vidin ruwa ya ƙare wa ɗan kada.

Yanzu ɗauki doguwar tafiyar da ke tashi daga Passau ta Jamus zuwa bakin teku, ta juyo ta dawo. Shiga ta farko a Jamus, ta biyu a Bulgeriya ko Romaniya, a hanyar dawowa a sake ratsa Sabiya, sai shiga ta uku a Kuroshiya ko Hungari. A wannan ko 02 ba ta isa ba. Haka kuma kogin shi ne iyakar Kuroshiya da Sabiya na tsawon wata tazara, wannan gaɓa tasu, waccan ta maƙwabta, don haka jirgin da ya tsaya a can ya dawo nan ya ƙara maka shiga ɗaya ba ka ankara ba.

Shawarata ita ce ka nemi jadawalin tafiyar na rana-rana, ka ɗauko taswira, ka bi kowane zango da yatsa, ka rubuta ƙasar da yake ciki. Duk inda ka ga an fita daga Shengen an dawo, ka yi alama. Kada ka bar wa kowa wannan ƙidayar.

Idan na zauna a cikin jirgi ban sauka a Sabiya ba fa?

Ba ya hanawa. Jirgin teku kan bi ruwan da ba na kowa ba, shi kuwa jirgin kogi kullum a cikin ƙasar wani yake. Yadda abin ke gudana shi ne, tun ranar shiga ma'aikatan jirgi kan karɓi fasfon kowa su ajiye. Idan aka iso iyaka sai jirgin ya ɗaure, jami'an shige da fice su hau, a zube musu fasfo a tebur su bi ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci sai an kira fasinjoji sun fito an haɗa fuska da hoto, ko da tsakar dare ne. Ba a tambayar wa ke da niyyar sauka da wa zai kwanta a ɗaki.

Kuma yawanci maganar ba ta ma kai wa can. Kamfanonin jiragen sun rubuta a sharuɗɗansu cewa takardun tafiya nauyin fasinja ne. Idan suka duba a ranar tashi suka ga bizarka ba za ta kai ka ƙarshe ba, suna iya hana ka hawa, kuɗinka kuma ya tafi.

Ita Sabiyar tana buƙatar tata bizar daban?

A ƙa'ida mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza kafin ya shiga Sabiya. Sai dai tun Oktoban 2014 gwamnatin ƙasar ta yanke cewa wanda ke da bizar Shengen, ko ta Birtaniya, ko ta Amurka, mai aiki, zai iya shiga ba tare da neman wata ba, ya zauna har kwana 90 cikin wata shida, matuƙar bizar tasa ba ta ƙare ba. Riƙe kalmar "mai aiki" ɗin nan. Bizar 01 ta daina aiki a daidai lokacin da ka juya wa Shengen baya, wato a daidai lokacin da kake buƙatar ta a ƙofar Sabiya. Wannan dalili ne na biyu na neman MULT. Sabiya tana da ofishin jakadanci a Abuja. Rubuta musu ka samu amsa a rubuce kafin ka biya kuɗin jirgi.

Kuma Belgired ba wurin da za a wuce ana barci ba ne. Ganuwar Kalemegdan tana tsaye a kan tudu, daidai inda kogin Sava ya haɗu da Danub, kuma ba nisa da ita akwai masallacin Bajrakli, wanda aka gina a ƙarni na 16 zamanin Daular Usmaniyya, shi kaɗai ya rage daga masallatan birnin na wancan lokaci. Wanda ya kai nan ya kasa sauka saboda takarda, ya yi asara.

Wane ofishin jakadanci zan je, tunda ƙasashen da yawa ne?

Na ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta. Ka ƙirga kwanakin kowace ƙasar Shengen, har da kwanan otal kafin hawa jirgi da bayan sauka. Kwanakin Sabiya ba sa cikin lissafi. Idan ƙasashe biyu suka yi kunnen doki, sai ka je na ƙasar da za ka fara shiga yankin ta cikinta. A tafiyar Budafes zuwa Bukares sau da yawa Hungari ce ke rinjaye, kuma tana da ofishin jakadanci a Abuja. Yawancin ofisoshin nan ba sa karɓar takardu da kansu, sun ɗora wa kamfanoni irin su VFS Global da TLScontact. Su karɓa kawai suke yi su ɗauki hoton yatsu. Hukunci na ofishin jakadanci ne. Idan ƙasar da kake so ba ta da ofishi inda kake zaune, akan samu wata ƙasar Shengen da ke wakiltar ta.

Kada ka yarda ejan ya ce maka a je ofishin wata ƙasa "don sun fi sauƙi", a haɗa maka takardar otal ta bogi. Jadawalin jirginka shi ne hujjarka mafi ƙarfi, kuma wannan dabarar tana raba ka da shi.

Malam, ban taɓa zuwa Turai ba. Za su ba ni MULT a karon farko?

Suna iya bayarwa, idan ka nuna buƙata. A nan mutane ke haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Akwai biza mai dogon zango, ta shekara ɗaya, biyu ko biyar. Tun Fabrairun 2020 an tsara ta hawa-hawa: wanda ya samu biza uku ya yi amfani da su bisa ƙa'ida cikin shekara biyu, ya cancanci ta shekara ɗaya, daga ita sai ta shekara biyu, daga nan ta biyar. Wannan sai mai tarihin tafiya. Kai kuwa ba ita kake nema ba. Abin da kake buƙata gajeriyar biza ce, ta 'yan makonni, amma mai damar shiga fiye da sau ɗaya.

A fom ɗin neman biza akwai gurbin da ake tambayar sau nawa kake son shiga. Zaɓi shiga da yawa. Amma yin alama kaɗai ba ya isa, domin jami'in da ke duba ɗaruruwan takardu ba lallai ya tsaya bin kogi a taswira ba. Haɗa da gajeriyar wasiƙa, layi biyar ko shida, ka rubuta ƙarara: rana kaza jirgi zai bar Kuroshiya ya shiga Sabiya, rana kaza zai tsaya a Vidin, don haka ina buƙatar sake shiga. Manna mata takardar kamfanin jirgi mai ɗauke da sunanka, lambar ɗakinka, shaidar biya da jadawalin.

Ni ko tafiyar shiga biyu ce, MULT nake ba da shawarar a nema. Danub kogi ne mai ja da baya. A shekarun 2018 da 2022 ruwa ya yi ƙasa sosai har jirage suka kasa wuce wasu wurare, aka riƙa kwashe fasinjoji a motocin safa ana canja zango. Canji irin wannan na iya ƙara maka tsallaka iyakar da ba ta cikin lissafinka.

Kuɗi da sauran takardu fa?

Kuɗin biza yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, yuro 45 ga yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu. Kuɗin ɗaya ne, ko 01 aka ba ka ko MULT, kuma ba a mayarwa idan an hana. Fasfo ya zama an yi shi cikin shekara 10 da suka wuce, yana da shafi biyu da ba a taɓa ba, kuma zai ƙara aƙalla wata uku bayan ranar fitarka. Inshorar lafiya ta kai yuro 30,000, ta game duk ƙasashen Shengen. Ka tambayi mai inshorar ko ta haɗa da Sabiya, don ba kowace ce ke haɗawa ba. Sai bayanin asusun banki da shaidar aiki ko kasuwanci, abin da zai nuna kana da abin da zai dawo da kai gida.

Ana iya miƙa takardu tun saura wata shida. Hukunci kan fito cikin kwana 15, amma yana iya kai wa 45, ga kuma wahalar samun ranar ganawa a lokacin bazarar Turai. Fara da wuri.

An dawo min da fasfo, na ga 01. Yaya zan yi?

Shi ya sa ake dubawa tun a wurin karɓa, ba a filin jirgi ba. Idan da sauran lokaci, rubuta wa ofishin jakadancin, ka sake haɗa jadawalin, ka nuna ranar fita da ranar dawowa, ka roƙi a gyara. Idan ba su gyara ba, tuntuɓi kamfanin jirgin su mayar da kai tafiyar da ba ta fita daga Shengen. Daga Passau zuwa Budafes duk a ciki take, haka ma ta kogin Rayin daga Amsterdam zuwa Basel, wadda ke bi ta Holan, Jamus, Faransa da Suwizalan. Kada ka hau da fatan za a tausaya maka a iyaka. Tun Oktoban 2025 aka fara rubuta shiga da fitar baƙi a kwamfuta, da hoton fuska da na yatsu, a maimakon dogaro da hatimi kawai.

Ka duba hanyar jirgin samanka ma. Idan bayan tafiyar ka leƙa Istanbul ko Landan, sannan tikitin komawa gida ya bi ta filayen jirgi biyu na Shengen, misali Munich sannan Frankfurt, wannan shiga ce sabuwa.

Haka abin yake a sauran koguna?

Ƙa'idar ɗaya ce, amsar ce ke bambanta. Jiragen kogin Nilu tsakanin Luksor da Aswan ba sa barin Masar, biza ɗaya ta wadatar. A kogin Mekong kuwa tafiya kan fara a Hanoi ta Biyetnam, a tashi ta sama zuwa Siem Reap ta Kambodiya, a biyo ruwa a sake shiga Biyetnam ta kudu. Wannan shiga biyu ce ga Biyetnam, wadda tun Agustan 2023 take ba da bizar intanet ta kwana 90 mai shiga da yawa, sannan ga bizar Kambodiya daban da za a nema.