Me Ake Nufi da Salsalar Kaya Wajen Masu Tara Kayan 'Yan Mazan Jiya?

Idan masu tara tsofaffin hotunan yaƙi da kayan soja suka tambayi salsalar abu, suna neman sanin wane ne ya mallake shi tun farko, a ina ya yi aiki, hannun wa da wa ya bi kafin ya iso yau, kuma wace takarda ce ke tabbatar da haka. Labarin baka kaɗai bai wadatar ba, sai an haɗa shi da shaidar da ido zai gani.

A Zariya maganar tana da nauyi. Tun 1924 ake horar da kuratan soja a Dafo, kuma barikin Chindit ya samo sunansa ne daga dakarun da suka yi yaƙi a bayan layin Japanawa a Burma, waɗanda bataliyoyin Najeriya suka shiga cikinsu a 1944. Shi ya sa a gidaje da dama na Sabon Gari da Tudun Wada da cikin Birni ba a rasa akwatin ƙarfe na kaka, da lambobin yabo a ƙunshe cikin tsumma.

Lambobin su ne suka fi ruɗar mutane. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya ana buga sunan soja da lambarsa a gefensu ko a bayansu. Na Yaƙin Duniya na Biyu kuwa, yawanci Ingila ta raba su ba suna. Tauraron Burma, mai tsini shida, da ƙyallensa ja a tsakiya da shuɗi da ruwan lemo a gefe, ana ba wanda ya yi aiki a wannan fagen daga Disamba 1941 zuwa Satumba 1945, amma idan ka juya bayansa fayau yake. To ta yaya za a san na wane ne? Ta takardar sallama. A cikinta ake samun suna, lambar soja, bataliya da shekarun aiki. Babbar ɓarnar da magada ke yi ita ce rabon kayan: wannan ya ɗauki tauraro, wancan hoto, takardar kuma a bar wa gara. Da an raba su, salsala ta yanke, tauraron ya koma tagullar da ba ta da mai ita.

Hoto ma yana ba da shaida ga wanda ya iya kallo. A duba kafaɗar riga. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma alamarta baƙin gizo-gizo ne a kan ruwan ɗorawa, ta 82 kuma mashi biyu ne a gicciye cikin gammo. Bajon hula na RWAFF, wato rundunar sojan mulkin mallakar Ingila ta Afirka ta Yamma, bishiyar kwakwa ce, kayan faretinta kuma da jar dara. Sannan a juya bayan hoton: hatimin mai ɗaukar hoto, sunan gari, ko rubutun ajami da fensir, duk sun fi gaban hoton amfani wajen bincike. Mai shakkar ko sabon wanki ne aka tsufar da shayi, ya haska fitilar duba jabun kuɗi a ɗaki mai duhu. Takardar zamani tana walƙiya fari-shuɗi saboda sinadarin da aka fara sa mata daga shekarun 1950, ta zamanin yaƙin kuwa ba ta yi.

Kafa salsala ba shi da wuya, sai dai yana son hanzari, domin dattawan da suka san fuskokin suna ƙarewa. A zauna da su a naɗi muryarsu a waya. A ba kowane abu lamba, a rubuta bayaninsa a littafi guda. A bayan hoto a yi amfani da fensir mai laushi kawai, don tawadar biro tana ratsawa ta ɓata fuska. A kwafe gaba da baya a na'ura, aƙalla dpi 600 (dpi shi ne ma'aunin fitowar hoto tar). Mai son ƙarin bayani kan bataliya ya leƙa Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa ko Arewa House a Kaduna, ya kuma duba tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939.

Gyara kan lalata abin da shekara tamanin ba ta lalata ba. Kada a goge lamba da toka ko lemon tsami, suna cinye zanen. Kada a canja tsohon ƙyalle don ya koɗe, a ajiye shi yadda yake. Liƙe hoto a roba da zafi kuwa ba ya warwaruwa, kuma yana rufe bayan da ake buƙatar dubawa. Danshin damina yana manne hotuna da juna ya kawo fumfuna, hunturu kuma ya nannaɗe su, don haka a sa farar takarda tsakaninsu, a ɗora akwatin a kan katako nesa da bango.

Idan aka ci karo da harsashi ko gurneti a cikin kayan, kada a taɓa, komai tsatsarsa. A sanar da 'yan sanda, domin tsufa ba ya kashe albarushin da ke ciki.