Ƙa'idar da ta hana a bar mai asma da shuɗin inhela shi kaɗai

A watan Afrilun 2019, kwamitin ƙwararru na duniya kan ciwon asma, wanda ake kira GINA, ya fitar da rahotonsa na shekara, kuma a ciki ya janye hannu daga abin da likitoci suka shafe kimanin shekara 50 suna yi. Ya ce daga yanzu ba ya goyon bayan a kula da babba ko matashin da ya kai shekara 12 da maganin buɗe ƙirji shi kaɗai, wato irin shuɗin inhelar nan na salbutamol da aka fi sani da Ventolin. Kowane mai asma, ko da nasa ba ya tashi sai jefi-jefi, yana bukatar maganin shaƙa mai ɗauke da sitiroyid kaɗan, wanda ke kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin numfashi.

Sai a fara da matsayin wannan ƙa'ida, don kada a ɗauke ta fiye da yadda take. An kafa GINA a 1993 da haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da cibiyar binciken cututtukan zuciya da huhu ta Amurka. Abin da yake fitarwa jagora ne ga likitoci, babu kotun da za ta kama mai kemis don ya sayar da shuɗin inhela. Ƙarfinsa yana wurin cewa ƙasashe da yawa daga gare shi suke ɗebo nasu tsarin. Birtaniya ta ɗauki maganar ta mayar da ita rubutacciyar ƙa'idar asibitocinta a watan Nuwamban 2024, lokacin da NICE, hukumar da ke tsara jagororin lafiya a can, da wasu ƙungiyoyi biyu na ƙasar suka fitar da jagora guda. A can an faɗa ƙarara: kada a rubuta wa mai asma, komai shekarunsa, maganin buɗe ƙirji mai gajeren aiki ba tare da an haɗa masa da sitiroyid na shaƙa ba.

Dalilin yana cikin yadda ciwon yake. Abu biyu ne ke faruwa a ƙirjin mai asma. Naman da ke kewaye da hanyoyin iska yana matsewa, shi ne abin da mutum ke ji: ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara, tari ya hana barci. Sannan bangon hanyoyin daga ciki yana kumbura yana tara majina, kuma wannan yakan zauna ko a ranakun da mutum ke jin garau. Salbutamol na farkon kawai yake taɓawa. Cikin 'yan mintoci yana sassauta matsewar, aikinsa ya yi awa huɗu zuwa shida ya ƙare, kumburin kuwa yana nan kamar garwashi a ƙarƙashin toka. Ranar da mura ko ƙurar hunturu ko hayaƙin icce ya hura shi, sai ciwon ya tashi da ƙarfin da shuɗin ba zai iya da shi ba.

Kowa ya san yadda abin ke gudana a unguwanninmu. Hazo ya sauka, mutum ya kwana a zaune, da safe ya nufi kemis ya ce a ba shi "na shaƙa". Ya girgiza, ya fesa biyu tun yana tsaye a gaban kanta, kafin a ba shi canji ƙirjin ya saki. Wa zai gaya masa wannan maganin bai isa ba? Shi kuwa na sitiroyid, ka shaƙa yau ba ka ji komai ba, sai bayan kwanaki ko makonni amfaninsa ke fitowa, shi ya sa mutane ke ajiye shi. Ba wauta ba ce, jiki ne ke koya wa mutum ya amince da abin da ya ba shi sauƙi nan take.

An daɗe ana ganin alamun haɗarin. A shekarun 1960 mace-macen matasa masu asma sun ƙaru a Ingila da Ostireliya da wasu ƙasashe, aka danganta abin da wani inhela mai ƙarfi na isoprenaline. Daga 1976 irin haka ya sake faruwa a New Zealand, har wani bincike da aka buga a mujallar Lancet a 1989 ya nuna yatsa ga maganin fenoterol. Da aka taƙaita amfani da shi, mace-macen suka sauka. A shekarar 2000, masu bincike da suka bi bayanan marasa lafiya a lardin Saskatchewan na Kanada suka gano cewa masu shaƙar sitiroyid kaɗan a kai a kai sun fi tsira daga mutuwar asma. A 2014 kuma Birtaniya ta bi diddigin mutum 195 da asma ta kashe, aka tarar cewa da dama daga cikinsu an rubuta musu shuɗin inhela fiye da 12 a cikin shekara guda kafin rasuwarsu, alhali na rigakafin, wato na sitiroyid, bai kai yadda ya kamata ba. Wani babban nazari a Suwidin da aka buga a 2020, kan mutum sama da 360,000, ya nuna cewa wanda ke ƙarar da inhela uku ko fiye a shekara ya fi fuskantar tashin ciwo mai tsanani da kuma mutuwa.

Irin waɗannan nazarce-nazarce suna da iyaka, kuma ya kamata a faɗe ta. Wanda ciwonsa ya fi tsanani dama shi zai fi shaƙar magani, don haka yawan shaƙa da yawan mutuwa na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifar da ɗaya ba. Abin da ke raba gardama shi ne gwajin da ake raba marasa lafiya rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a, a ba kowane rukuni nasa maganin, a zuba ido. Shi aka yi a gwaje-gwaje biyu da ake kira SYGMA, waɗanda aka buga a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2018.

Dabarar da aka gwada mai sauƙi ce. Akwai wani maganin buɗe ƙirji, formoterol, da ke fara aiki da sauri kamar salbutamol amma ya fi shi daɗewa. Sai aka zuba shi cikin inhela ɗaya da sitiroyid mai suna budesonide, aka ce wa mara lafiya ya shaƙa duk lokacin da ya ji ƙirjin ya fara. Ta haka duk shaƙar da ya yi don neman sauƙi, rigakafi ya bi ta ciki. A gwaji na farko, mutum kimanin 3,800 masu asma mara tsanani aka bi har makonni 52. Idan aka ƙiyasta kan mutum 100 a shekara, masu amfani da maganin buɗe ƙirji zalla sun samu tashin ciwo mai tsanani kusan sau 20, masu haɗin kuwa kusan sau 7. Gwaji na biyu, mai mutum sama da 4,000, ya kwatanta haɗin da shaƙar budesonide safe da yamma kullum: wajen hana tashi mai tsanani sun yi kunnen doki, duk da cewa masu haɗin sun shaƙi kusan kashi ɗaya cikin huɗu kawai na sitiroyid ɗin da ɗaya rukunin ya shaƙa. Inda mai shaƙa kullum ya ɗan yi gaba shi ne wajen rage ƙananan alamomi na yau da gobe.

Kamfanin AstraZeneca, mai yin wannan haɗi da sunan Symbicort, shi ya ɗauki nauyin SYGMA, kuma wanda ya yi tsam da jin haka yana da hujja. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne gwajin PRACTICAL da aka yi a New Zealand da kuɗin hukumar binciken lafiya ta ƙasar, aka buga a Lancet a 2019. A can mutane sun san abin da suke shaƙa, suna rayuwarsu yadda suka saba, kuma sakamakon ya bi hanya ɗaya.

A aikace, ƙa'idar ta buɗe hanya biyu. Wadda GINA ya fi so ita ce inhela guda na budesonide da formoterol: mai ciwo mara tsanani ya shaƙa idan ya ji alama, wanda nasa ya fi nauyi ya shaƙa kullum kuma ya ƙara da shi ɗin dai idan ƙirji ya ɗaure, bisa adadin da likita ya yanka masa. Hanya ta biyu ita ce a riƙe shuɗin, amma a haɗa da sitiroyid na shaƙa irin su beclometasone, ko dai kullum, ko aƙalla duk lokacin da aka taɓa shuɗin. Yara 'yan shekara 6 zuwa 11 ma ba a barinsu da shuɗin kaɗai, sai dai tsarinsu da awonsu daban ne, kuma na 'yan ƙasa da haka likita ne zai duba.

Akwai kuskure biyu da nake tsoron mai karatu ya ɗauka daga nan. Na farko, a jefar da shuɗin. Kada a yi. Salbutamol yana nan a matsayin maganin ceto, da shi ake fara taimaka wa wanda aka kawo asibiti numfashi na sarƙe masa, kuma wanda ba shi da komai sai shi, ya shaƙa ya nemi asibiti. Na biyu, a ɗauka kowane inhela mai haɗin magani biyu zai yi aikin gaggawa. Seretide, misali, salmeterol ne a cikinsa, ba ya fara aiki da wuri, don haka ba a dogara da shi a lokacin da ciwo ya tashi. Kalmar sitiroyid ma kan tsorata mutane saboda sun ga abin da ƙwayoyi irin su dexamethasone ke yi wa masu shansu don ƙiba. Awon da ake shaƙa ƙanƙani ne kuma huhu yake nufa. Abin da ya fi jawowa shi ne dishewar murya ko farin kurji a baki, kuma kurkure baki da ruwa a zubar bayan shaƙa yana rage su.

Ga wanda inhelarsa irin mai fesawa ce, rabin aikin yana wurin yadda ake shaƙar. A girgiza, a fitar da numfashi, a danna daidai lokacin da aka fara jan iska a hankali, a riƙe numfashin kamar daƙiƙa goma. Yaro ba ya iya haɗa dannawa da ja, shi ya sa ake sa masa mazubi tsakanin inhela da baki. Wani gwaji da aka yi wa yara a Cape Town ta Afirka ta Kudu, aka buga a Lancet a 1999, ya nuna cewa gorar roba mai cin rabin lita, idan aka huda gindinta daidai bakin inhela aka toshe gefen, tana aiki kamar mazubin kanti.

Inda ƙa'idar ke cin karo da ƙasa shi ne aljihu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 262 ne ke da asma a 2019, kuma ta kashe 455,000 a shekarar, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Haɗin budesonide da formoterol yana cikin jerin muhimman magunguna na hukumar, amma a wurarenmu ya fi shuɗin tsada nesa ba kusa ba, ba kuma kowane kemis ke ajiye shi ba. A Nijeriya, tun bayan da kamfanin GSK, mai yin Ventolin, ya sanar a watan Agustan 2023 cewa zai daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar, ga kuma faɗuwar naira, shuɗin kansa ya yi tashin gwauron zabi. Ra'ayina shi ne, duk tsarin inshorar lafiya ko asibitin gwamnati da ke samar da salbutamol ba tare da sitiroyid na shaƙa mai araha ba, yana aiki ne da ilimin da aka riga aka wuce.

Kafin hakan ya gyaru, akwai lissafin da mai asma zai iya yi da kansa. Shuɗin inhela guda fesa 200 yake ɗauka. Duk wanda ya ga ya ƙarar da uku a shekara, ko yana bukatarsa fiye da sau biyu a mako, ko tari na tashinsa da dare, ya je wurin likita da kwankon da suka ƙare a hannunsa, ya tambaya kai tsaye: wane na rigakafi za a haɗa mini, kuma wanne ne mafi sauƙin kuɗi da ake samu a garin nan?