Sisin Kwabo

Sisin kwabo, wanda Hausawa kuma ke kira ɗari, tsabar kuɗi ce mai darajar rabin kwabo a tsohon lissafin Ingila. Guda 24 ne ke yin sule, guda 480 ke yin fam ɗaya.

Da farko babu shi a matsayin tsaba mai zaman kanta: kwabon azurfa ake datsawa gida biyu. A zamanin Sarki Edward na I, wajen 1280, aka fara buga shi zagayayye da yawa, sannan a 1672 Sarki Charles na II ya fito da na jan ƙarfe. A 1860 aka koma na tagulla, mai faɗin inci ɗaya cif. Wanda aka fi sani shi ne na 1937 zuwa 1967, mai hoton jirgin ruwan Golden Hind a bayansa. An daina karɓarsa a Birtaniya daga 1 ga Agusta 1969, tun kafin ƙasar ta sauya lissafin kuɗinta a 1971.

Wanda kakanninmu suka taɓa da hannunsu daban ne. Shi ne na Afirka ta Yamma ƙarƙashin Ingila, da aka fara bugawa a 1911: fari, da huji a tsakiya, da tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci kusa da hujin. Hujin nan ya sa ana iya zura su a igiya tare da anini. A 1959 Nijeriya ta buga nata, shi ma mai huji, kafin naira ta zo a 1973. Kuɗin ya tafi, sunan ya zauna, don har yau mai fama da babu yakan ce ba shi da ko sisin kwabo.

Wajen masu tara tsofaffin kuɗi, tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Na 1967 an buga shi miliyoyi, kusan kyauta ake samunsa. Ƙarancin bugu ne ke ɗaga farashi, kamar na Ingila na 1871, ko na Ostireliya na 1923 da ake nema ruwa a jallo. Na Afirka ta Yamma na 1936 yana da farin jini saboda yana ɗauke da sunan Edward na VIII, sarkin da ya yi murabus kafin a fitar da kuɗinsa a Ingila kanta, amma an buga shi da yawa, don haka bai yi tsada ba. Akan duba ƙaramin harafin H ko KN, alamar masana'antar da ta buga shi a Birmingham.

Sai kuma lafiyar tsabar. Wadda gashin kan sarki da haruffanta ke nan raɗau ta ninka wadda ta suɗe sau da yawa. Abin takaici, mutane da dama kan dirje abin da suka gada da toka ko lemon tsami don ya yi ƙyalli, alhali dillali na ganin sawun gugar zai karya farashin.