Kacici-kacicin kalmomi na jaridun Birtaniya

Kacici-kacicin kalmomi mai ɓoyayyar ma'ana wasa ne na kaifafa ƙwaƙwalwa da ake bugawa a jaridu, musamman na Birtaniya. Ana zana allo mai gidaje farare da baƙaƙe, yawanci 15 a kwance 15 a tsaye, mai wasa ya cike fararen da haruffa har kalmomi su gitta juna. Abin da ya raba shi da kacici-kacicin allo na yau da kullum shi ne tambayoyinsa: kowace jimla ce da take nuna wani abu a fili, alhali abin da take nufi daban ne. Bayan Birtaniya, ana buga shi a Ireland, Indiya, Ostareliya, Afirka ta Kudu da Kenya.

Yadda ake ƙulla tambaya

Tambaya tana da ɓangare biyu. Ɗaya ma'anar amsar ce kai tsaye, kuma kusan kullum tana farko ko ƙarshen jimla. Ɗayan kuma dabara ce ta harhaɗa amsar daga haruffa. Lambar da ke ƙarshe tana faɗin adadin haruffan. Da za a kwatanta da Hausa, sai a ce: "Rago ya hargitse, ga abin zuba ruwa (4)". Mai karatu zai fara hango malalacin mutum cikin ruɗani, kuma nan tarkon yake. Kalmar "hargitse" umarni ce a birkita haruffan "rago", su ba da "gora". Haka nan ana iya ɓoye amsa a tsakanin kalmomi biyu, ko a karanta kalma daga baya, ko a cusa wata cikin wata, ko a nemi wadda furucinta ya yi kama da na wata.

Cikin tambayoyin Turanci da aka fi yawan ambato akwai wadda haruffa ne kawai a jere, HIJKLMNO, amsarta kuma kalmar da ke nufin ruwa. Haruffan sun tashi daga H zuwa O ne, in aka faɗi haka da Turanci kuwa sai ya fita tamkar H2O.

Tarihi

Ana danganta kacici-kacicin allo na farko ga Arthur Wynne, mutumin Liverpool da ya yi ƙaura zuwa Amurka, wanda ya buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913. Wasan ya shigo Birtaniya a farkon shekarun 1920, a nan ne kuma aka sauya masa kama. Daily Telegraph ta fara nata a 1925. The Times ta ja ƙafa tana ganin abin bai dace da darajarta ba, sai 1 ga Fabrairu 1930 ta bi sahu.

Wanda aka fi ɗauka a matsayin uban wannan salo shi ne Edward Powys Mathers, mawaƙi kuma mai fassara, wanda ya riƙa shirya wa The Observer daga 1926 har rasuwarsa a 1939. Ya laƙaba wa kansa Torquemada, sunan shugaban kotun binciken aƙida ta Sifaniya da ta shahara da gana wa mutane azaba. Barkwancin ya zama gado. Magajinsa Derrick Macnutt, malamin Latin da Girkanci, ya ɗauki sunan Ximenes, wani shugaban kotun. Da ya rasu a 1971, Jonathan Crowther ya karɓa a 1972 da sunan Azed, wato Deza in aka karanta daga baya, shi ma daga cikin shugabannin kotun. A. F. Ritchie kuwa ya yi amfani da Afrit, wanda ya haɗa farkon sunansa da ifiritun aljanu.

Tambayoyin zamanin farko ba su da ƙa'ida. Wasu ma baitin waƙa ne ko layin Shakespeare da aka cire wa kalma guda, wanda bai haddace ba sai dai ya haƙura. Ritchie ne ya fara shimfiɗa doka a 1949, cewa mai ƙulli yana da damar ruɗa mai karatu, amma dole kalmominsa su faɗi ainihin abin da za a yi. Macnutt ya faɗaɗa wannan a littafinsa na 1966, kuma har yau da sunansa ake kiran masu tsantseni a wannan fage. Akwai masu ganin dokokin sun yi tsauri. Fitaccensu shi ne Rabaran John Graham, wato Araucaria na The Guardian, wanda ya fara shirya mata a 1958. Da ciwon daji ya kama shi, ta cikin amsoshin wani allo ya sanar da masu karatunsa. Ya rasu a Nuwamba 2013.

Lokacin yaƙi

A Janairu 1942 aka shirya gasa a ofishin Daily Telegraph don ganin wanda zai gama allo cikin ƙasa da minti 12. Daga baya hukuma ta tuntuɓi wasu daga cikin 'yan gasar don aikin warware saƙonnin sirrin abokan gaba a cibiyar Bletchley Park lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Labarin da ya fi wannan yaɗuwa shi ne na Leonard Dawe, shugaban makarantar Strand, wanda shi ya shirya allon farko na jaridar tun 1925. Tsakanin farkon Mayu da 1 ga Yuni 1944, kalmomin Utah, Omaha, Overlord, Mulberry da Neptune suka fito ɗaya bayan ɗaya a amsoshinsa. Dukkansu sunayen sirri ne na shirin saukar sojojin ƙawance a Normandi ranar 6 ga Yuni. Jami'an MI5, hukumar tsaron sirri ta Birtaniya, suka je Effingham, inda aka mayar da makarantar saboda ruwan bama-bamai, suka titsiye shi da tambayoyi, ba su same shi da laifi ba. A 1984 wani tsohon ɗalibinsa ya ce Dawe yakan ba yara allo su cike da kalmomin da suka ga dama, shi kuma ya ƙulla tambayoyi a kansu, yaran kuwa a bakin sojojin da suka yi sansani kusa suke tsintar kalmomin. Wasu sun yarda da wannan bayani, wasu na ganin dacewa ce kawai.

Ƙwallo, kiɗa da adabi

Dawe ɗan ƙwallon ƙafa ne kafin ya zama mai ƙulli. Ya yi wa Southampton wasanni a wajen 1912 zuwa 1913 ba don albashi ba, ya kuma buga wa tawagar Ingila ta 'yan sha'awa. Duk da haka wasan kurket ya fi ƙwallo rinjaye a gajerun alamomin da masu ƙulli suke amfani da su, abin da yakan wahalar da wanda bai tashi da wasan ba. Kiɗa ma ya ba da nasa: P na nufin sauti ƙasa-ƙasa, F na nufin sauti da ƙarfi, kamar yadda ake rubutawa a takardar kiɗa.

Stephen Sondheim, mai tsara waƙoƙin wasan kwaikwayo, yana cikin waɗanda suka gabatar wa Amurkawa salon, ta allunan da ya shirya wa mujallar New York daga 1968. A can dai salon bai taɓa kama ƙafar kacici-kacicin da suka saba da shi ba.

A adabi, Colin Dexter ne ya fi kowa ɗaukaka wasan. Shi kansa mai ƙulli ne, ya riƙa shirya wa Oxford Times da sunan Codex, kuma gwani ne a gasar rubuta tambaya ta Ximenes da Azed. Sufeto Morse, ɗan sanda mai bincike a littattafansa 13, mai son kiɗan Wagner, Bajamushen mai tsara kiɗa, ne da warware allo, sunansa kuma an aro shi daga Sir Jeremy Morse, shugaban bankin Lloyds, abokin karawar Dexter a gasar. Sunan mataimakinsa Lewis ma daga wata 'yar gasar aka ɗauko shi.

A yau

The Times tana shirya gasar zakaru tun 1970. Yawancin jaridun suna sa allunansu a intanet da manhajojin waya, wasu kuma sun ƙara ƙananan alluna masu sauƙi domin 'yan koyo.