Ma'adanar katin hoto

Ma'adanar katin hoto, wadda aka fi sani da VRAM, ita ce wurin da katin hoto na kwamfuta ke ajiye bayanan da yake aiki da su a lokacin da yake zana abin da ke fitowa a fuskar allo. Ta bambanta da RAM ɗin kwamfutar ta fuska biyu: ta fi shi sauri nesa ba kusa ba, kuma a liƙe take da dalma a jikin katin, ba a zare ta a sa wata. Don haka duk wanda zai sauya kati a kwamfutarsa ta wasa, adadin da ya saya shi zai zauna da shi har ranar da zai rabu da katin.

Tarihi

A 1981 katin MDA na kamfanin IBM yana da kilobait 4 kacal, abin da ya isa ya riƙe haruffa. CGA na wannan shekarar yana da kilobait 16, sai VGA a 1987 ya zo da 256. Sunan VRAM kansa ya samo asali ne daga wata ma'adana mai ƙofa biyu da masu binciken IBM suka ƙirƙiro wajen 1980: ana rubutu ta ƙofa ɗaya, allo yana karatu ta ɗayar, ba tare da ɗaya ya jira ɗaya ba. An daɗe da daina ƙera irinta, amma sunan ya zauna.

Wasanni masu siffofi uku (3D) ne suka buɗe cikin katunan. Voodoo na kamfanin 3dfx, wanda ya fito a 1996, yana da megabait 4 da aka raba gida biyu, rabi na hoton da ake zanawa, rabi na zanen da ake lulluɓe bango da ƙasa da jikin mutane da shi. GeForce 256 na Nvidia ya zo da megabait 32 a 1999. A shekarun 1990 wasu katunan, irin su Matrox Millennium, suna da gurbin ƙara ma'adana, al'adar da ta ɓace da saurin ya ƙaru.

Daga nan jerin GDDR, nau'in ma'adana mai sauri da ake ƙerawa musamman don katunan hoto, ya karɓe fage. GDDR5 ta fara bayyana a katin Radeon HD 4870 na kamfanin AMD a 2008, ta kuwa yi zamani mai tsawo, kusan shekara goma. GDDR6 ta zo da jerin katunan RTX 20 na Nvidia a 2018, GDDR6X ta kamfanin Micron ta zo da RTX 3080 a 2020, GDDR7 kuma da jerin RTX 50 a 2025. A tsakani AMD ta gwada wata hanya: a 2015 ta fitar da Radeon R9 Fury X da HBM, ma'adanar da ake jera ta hawa-hawa a gefen ƙwaƙwalwar katin. Tana iya wuce da gigabait 512 a daƙiƙa, amma gigabait 4 kawai take ɗauka, kuma wannan ƙarancin ya rage wa katin kwana. Tsada ta sa HBM ta bar katunan wasa ta koma manyan cibiyoyin sarrafa bayanai.

Abin da ke cinye ta

Hoton allo shi kansa ba ya cin wuri sosai. Hoto ɗaya mai ɗigo 1920 a faɗi da 1080 a tsayi bai wuce megabait 8 da ɗoriya ba, na 4K kuwa wajen 33. Zanen da ake lulluɓe abubuwa da shi ne babban mai ci, sai siffofi, inuwoyi, da bayanan bin sawun haske, wato lissafin yadda haske ke faɗawa kan abubuwa a cikin wasa. Idan wurin ya cika, katin yakan aika rarar zuwa RAM ta ramin PCIe, wato gurbin da ake soka katin a jikin kwamfuta. PCIe 4.0 mai layi 16 tana ɗaukar kimanin gigabait 32 a daƙiƙa, alhali ma'adanar katin matsakaici tana wuce ɗari biyu da hamsin. Abin da ɗan wasa ke gani shi ne hoto yana cijewa, ko bango ya fito dishi-dishi kafin ya gyaru, wani lokacin ma wasan ya rufe.

Rarar ma'adana ba ta ƙara sauri. Wasan da gigabait 7 ya ishe shi, yadda zai gudu a kan 8 haka zai gudu a kan 16. Kuma lambar da manhajojin sa ido ke nunawa sau da yawa wurin da wasan ya kama ne, ba wanda yake amfani da shi ba.

Faɗin hanya da adadi

Adadin da ke jikin kwali ba zaɓin son rai ba ne. Kowace ƙwayar GDDR tana haɗuwa da katin ta hanya mai bit 32, kuma a zamanin GDDR6 ƙwaya ɗaya gigabait 1 ce ko 2. Kati mai hanya bit 192 yana ɗaukar ƙwaya shida, wato gigabait 6 ko 12. Mai bit 256 yana ɗaukar takwas, wato 8 ko 16. Wannan lissafin ne ya haifar da abin da ya rikita masu saye a 2021, inda RTX 3060 ya fito da gigabait 12, yayin da RTX 3070 da ya fi shi ƙarfi da tsada yake da 8, RTX 3080 kuma 10. Ana iya ninka adadin ta hanyar liƙa ƙwayoyi a gaba da bayan katin, kamar yadda aka yi wa RTX 4060 Ti a 2023, mai 8 a dala 399, mai 16 a dala 499. Hanyar dai bit 128 ce a duka biyun, saurin bai canza ba.

Suna ɗaya kan ɓoye kaya biyu. GT 1030 yana da mai GDDR5 da mai DDR4 (irin RAM ɗin kwamfuta), dukansu gigabait 2, amma na farko yana wuce da kimanin gigabait 48 a daƙiƙa, na biyu bai kai 17 ba. GTX 1060 mai gigabait 3 ma ba ma'adana kaɗai aka rage masa ba, har ƙwaƙwalwarsa an datse idan aka gwada da mai 6.

Taƙaddama

GTX 970 na 2014 an sayar da shi a matsayin mai gigabait 4, daga baya aka gano 3.5 ne masu cikakken sauri, sauran rabin gigabait ɗin yana tafiyar hawainiya. An kai ƙara a Amurka, a 2016 Nvidia ta amince ta biya dala 30 a kan kowane kati. A Oktoban 2022 kamfanin ya janye RTX 4080 mai gigabait 12 tun kafin ya shiga kasuwa, ya dawo da shi da sunan RTX 4070 Ti.

Muhawarar gigabait 8 ta yi zafi a 2023, da fitowar wasanni irin su Hogwarts Legacy da The Last of Us Part I a kwamfuta. Wasu na ɗora laifin a kan masu ƙera kati, wasu a kan masu shirya wasannin da aka tsara don PlayStation 5 mai gigabait 16 da zanen hoto da sauran ayyukan na'urar ke tarayya a kansu.

Zaɓi a yau

Galibin masu gwaji suna ganin 8 ta wadatar a allon 1080 idan ba a ƙure saiti ba, 12 zuwa 16 a 1440, 16 ko fiye a 4K. Wasannin gasa marasa nauyi ba sa buƙatar haka. Mai tsohuwar kwamfuta mai PCIe 3.0 ya fi kowa shan wahala idan ma'adana ta cika, musamman da katunan da layi 8 kawai suke amfani da shi. Haɗa kati biyu ba ya tara ma'adana, domin kowanne kwafin bayanai iri ɗaya yake riƙewa.

Katunan hannu suna buƙatar lura. Da yawa sun fito kasuwa bayan da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto a Satumban 2022, wasunsu sun yi shekaru suna aiki dare da rana cikin zafi. Akwai kuma na jabu, tsofaffin katuna da aka sauya wa suna da adadin ma'adana a manhajar cikinsu. Manhajar GPU-Z tana nuna nau'in ƙwayoyin da faɗin hanyar, kuma kunna wasa mai nauyi a gaban mai sayarwa yakan fito da ɗige-ɗige da layukan da ke nuna ƙwaya ta lalace.