Sitatar lantarki a tsofaffin babura

Sitatar lantarki ƙaramar na'ura ce mai aiki da batir, wadda ke juya injin babur har ya tashi, ba sai an buga kik ba. A tsofaffin babura, matsalar da aka fi sani ita ce rashin kamawa: a danna maɓalli, sitata ta yi ta juyi, injin kuma bai motsa ba.

Tarihi

Motar Cadillac ta 1912 ce ta fito da wannan na'ura, bisa aikin Charles Kettering na Amurka. A 1914 kamfanin babura na Amurka mai suna Indian ya gwada ta a babur ɗinsa Hendee Special, amma batiran zamanin ba su jure girgizar hanya ba, sai aka watsar da ita. Daga baya ta bayyana a baburan Honda na wajajen ƙarshen shekarun 1950. Harley-Davidson ya saka ta a Electra Glide a 1965, Honda CB750 ta 1969 kuwa ta zo da sitata da kik duka biyu. Kamfanonin Ingila sun makara. Norton Commando ta 1975 ta samu sitata mai rauni har masu ita suka riƙa cewa taimaka wa ƙafa kawai take yi.

Yadda take kamawa

Hanyoyi biyu ne suka fi yawa. A wasu babura, kamar BMW na shekarun 1970, ƙaramin giya ne ke zabura ya shiga haƙoran babban faifan injin, ya ja da baya idan injin ya tashi. Yawancin tsofaffin Honda kuwa suna da kulocin sitata mai 'yan sandunan ƙarfe uku, kowace da sifirin a bayanta. Sandunan suna cije ƙarfen da ke tsakiyarsu idan sitata na juya injin, su sake shi idan injin ya tashi.

Alamu

Bakanike yakan fara da kunne. Ƙara ɗaya "ƙyas" ba tare da juyi ba tana nuna raunin batir, tsatsa a bakin waya, ko ƙonewar solinoyid, wato makunnin da ke tura wutar batir zuwa sitata. Cikakken batir mai volt 12 yana nuna kusan 12.6, kuma idan ya faɗi ƙasa da 10 lokacin tayarwa, shi ne abin zargi na farko. Juyi a banza yakan fito ne daga sifirin da ya saki ko sandunan da suka cinye, kuma ya fi tsananta da sanyin safiya, lokacin da baƙin mai ya yi kauri. Ƙarar gurza kuwa haƙora ne ba su shiga juna sosai ba. Yamaha Virago ta farkon shekarun 1980 ta yi ƙaurin suna a kan wannan.

Wasu na ɗora wa man injin na zamani laifin zamewar kulocin. Ba a daidaita a kan hakan ba.